Hannun Ɗana da Kuturun Sarkin Ƙudus

Mu biyar ne a kan sufra, shimfiɗar cin abinci, ranar Juma'ar da na fara gani. Da ni, Rakiya. Da ƙanwata Ladi da ta zo daga unguwar Safa da tiren kayan zaƙin nan basbusa. Da Safiya matar ɗana. Da jikata Hanan, lokacin tana shekara bakwai. Sai shi ɗan nawa. Ɗan fari ne, ban taɓa faɗin sunansa ba, ba kuma yau zan fara ba. Abu Hanan ake ce masa a wurin aiki, haka zan kira shi a nan. Ni ban yi makaranta ba. Safiya ce ke riƙe da biro, na kuma gargaɗe ta, duk inda na faɗi abin da ya munana ni, kada ta kuskura ta gyara.

Abu Hanan mai tsire ne. Tun yana saurayi yake tsaye gaban gawayi a shagon kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa a takarda. Da muka gama cin abinci ya tashi ya ɗauko butar shayi daga wuta, yana tafe yana tsokanar Ladi, gefen hannunsa na dama wajen ƙaramin yatsa manne da jikin ƙarfen. Ni na ji ƙaurin fata kafin shi ya san an yi wani abu.

"Kai, sauke! Sauke mana!"

Ya ajiye ya duba, fatar ta tashi. Ya yi dariya. "Hannun mai tsire ne, Inna. Ya saba."

Ladi ta ce, "Wannan ko a tanderu ka sa shi, tanderun ne zai ji jiki."

Kowa ya yi dariya ban da ni. Da ya naɗe hannun riga zai zuba ruwa, na hango tabo sama da wuyan hannun, faɗin murfin kwalba. Fatar ta koɗe ta yi ja-ja, ba gashi a kai. Duk zafin Jidda, ko'ina a jikinsa gumi ne, wurin nan a bushe.

Na san tabon. Ina yarinya a unguwar Karantina akwai ƙanin mahaifiyata, Kawu Tanko, a wata rumfar kwano bayan gidanmu. Ni ake aike da kwanon abincinsa, in ajiye a ƙasa in tura da sanda. Duk wanda ya tambaya sai mahaifiyata ta ce taɓin hankali gare shi, don a wurinta gara a ce mahaukaci da a ce kuturu. A rumfar ya rasu, yatsunsa sun ƙare. Ba a sake ambatarsa ba. Ranar da aka rushe Karantina muka kwaso kaya zuwa Madain Fahd, mata suna ta kuka, ni kuwa a raina cewa na yi halas, shi ke nan, rumfar ta tafi.

Bayan Ladi ta tafi ya kwanta ƙailula a falo. Na zaro allura daga mayafina na soka a tsakiyar tabon har jini ya tsatso. Bai motsa ba. Na soka a gefe kaɗan, ya zabura.

"Inna! Mene ne haka?"

Na sa Safiya ta shigar da Hanan ɗaki, na gaya musu labarin Kawu. Sunan ciwon ban iya faɗa ba. Shi ya ɗauki waya ya yi ta dubawa, don shi ya gama sakandare, kuma mayen karatu ne, tsoffin littattafan tarihi har ƙarƙashin gadonsa.

"Juzam," ya ce. "In ma shi ne, ya Inna, yanzu akwai magani. Ƙwayoyi ne, wata shida ko shekara."

"A ina ake bayarwa?"

"Asibitin gwamnati."

"Su rubuta sunanka?"

Ya yi shiru.

Wanda ba a nan yake ba ba zai gane shirun ba. Mahaifina da ƙafa ya zo hajji. A Jidda aka haife ni, a Jidda na haifi ɗana, amma a takarda mu baƙi ne. Zamanmu da iƙama ne, takardar izinin zama, iƙamarsa a hannun kafili take, mai taɓa abincin mutane kuma sai da katin lafiya. Na ga waɗanda gwajin jini ɗaya ya kai su tarhil, gidan da ake tsare waɗanda za a kora, aka sa su a jirgi zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. Ɗana bai san hanyar Kano ba. Hausarsa ma in ya yi dogon zance sabbin zuwa dariya suke yi.

Na ɗauki katin iƙamarsa na sa a lalitata. Ya yi murmushi ya ce, "Tana cikin waya ma, Inna."

Na ce, "To ka ji da kyau. In ka taka ƙofar asibiti ba da izinina ba, ban yafe ba."

Mutum mai shekara arba'in da ɗaya, da gemu, da 'ya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Tayyib." Ban taɓa sa wa ɗakinsa makulli ba. Kalmar nan tawa, ban yafe ba, ita ce ta tsare shi wata biyar.

Satin farko na kafa doka. Ya koma ɗakin ƙarshe. Kwanonsa daban, wankinsa daban, kofin shayinsa na ɗaura wa jan zare a mariƙi. Hanan ba ta wuce bakin ƙofa. In zan shafa masa magani sai na sa safar leda. Kafili an ce masa ciwon baya ne. Maƙwabta na ce musu ya tafi aiki Madina.

Sati na biyu na gaya wa Ladi, ita kuma ta zo da shawarwari cike da jaka. Man habbatus sauda, zuma, wani garin mai sayar da kayan ƙamshi a Balad, tsohon gari. Ta ce a hana shi naman akuya, kada ya haɗa kifi da madara. Ta haɗa ni da wata mata da masu umra ke kawo wa saiwoyi daga gida, har warwarona ya tafi a kan wani baƙin jiƙo mai warin kwata. Ya sha duka bai musa ba.

A wannan satin ya fara maganar wani sarki. Bayan la'asar nakan kai masa shayi in zauna a kujera daga bakin ƙofa, shi yana kan gado da littafi.

"Inna, kin san an taɓa yin sarki mai irin ciwona? A Ƙudus."

"Musulmi?"

"A'a. Cikin Nasaran nan masu gicciye da suka ƙetaro teku suka ƙwace ta. Fiye da shekara ɗari takwas ke nan."

"Allah ya ƙara masa."

"Yaro ne, Inna. Shekararsa tara."

Ya faɗi sunansa, bai zauna a bakina ba, har yau Kuturun Ƙudus nake ce masa. Ya ce ɗan sarki ne, yana wasa da 'ya'yan fadawa, irin wasan yara na mintsini, a ga wa zai fara kuka. Duk suna ihu, shi ko gezau. Aka ɗauka jarumta ce. Malaminsa ne ya lura hannun dama ne ba ya ji.

"Kamar allurarki," ya ce.

Ni kuwa mace ce mai son sanin abin da kowa ya yi, sai na tambaya, "Malamin ya yi shiru?"

"Ya je ya gaya wa uban."

"Uban fa?"

"Ya tara likitoci. Har likitocin Larabawa ya kira, mutanen da yake yaƙi da danginsu."

"Suka warkar da shi?"

"Lokacin babu magani."

"To ka gani," na ce, na kwashe kofin da ledata na tafi. Har na kai kicin ina jin daɗin na yi nasara a zancen.

Sati na huɗu tabo ya zama uku, ɗaya a baya, ɗaya a cinya. Ya ce ƙananan yatsunsa biyu kamar an sa musu safa. Na ƙara yawan jiƙo. Safiya ta same ni a kicin ta ce, "Hajiya, don Allah mu gwada asibitin kuɗi, ko a ɓoye."

Na ce, "Su ma rahoto suke kaiwa. Ke kika haife shi?"

Ta koma wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Shi kuwa kullum da ci gaban labarinsa, kamar mai ba ni magani cokali-cokali. Uban ya mutu yaron yana sha uku. Manyan ƙasar suka taru, sun san da maganar hannun, suka naɗa shi.

"Ba su da wani ne?"

"Yana da yaya mace. Amma shi suka naɗa. Kuma mubaya'arsu, mutum durƙusawa yake ya sa hannuwansa biyu cikin na sarki."

Na dubi ledar da ke hannuna. Na ce, "Kafirai ba su san ƙyama ba."

Ya ce da hannun ya ƙi riƙe linzami, wani Balarabe ya koya masa sarrafa doki da gwiwa, takobi a hagu. Yana sha shida ya fita da 'yan dakaru kaɗan ya karya rundunar babban sarkin Musulmi, wanda daga baya Allah ya ba shi karɓo Ƙudus. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai.

"Yanzu kai murna kake an ci Musulmi?"

"Ba murna nake ba. Ina gaya miki ne a waje yake, Inna. Rana tana dukansa."

Ɗakin ƙarshe taga ɗaya gare shi, tana kallon bangon maƙwabta. Na gane abin da yake nufi. Na yi kamar ban gane ba.

Wata na biyu da na uku suka wuce haka. Kafili ya gaji da kira ya sa wani a gaban wuta. Hanan ta koyi zama a bakin ƙofa da littafinta tana karanta wa ubanta da ƙarfi. Rannan ta miƙa ƙafa ɗaya ciki tana kallona, na daka mata tsawa har ta yi fitsari a tsaye. Ubanta ya juya fuskarsa bango.

Kwana uku bai yi mini labari ba. Ni ce na gaza, na tambaya, "Shi wannan sarkin naka ba shi da uwa ne?"

Ya ce yana da ita. Lokacin da za a naɗa ubansa, manyan gari suka ce sai ya rabu da matarsa, ya rabu da ita, yaron yana ƙarami. Ya tashi ba uwa a kusa. Sai da ya hau mulki ta dawo fada.

"Ta dawo cin arziki."

"Haka masu rubutun suka ce. Sun ce mai son mulki ce da dukiya. Amma ta dawo lokacin ciwon ya fara fitowa a fuskarsa, ta kuma zauna."

Daga nan na shiga gidan mutanen nan kamar gidan maƙwabta. Shi bai yi aure ba, kowa ya san ba zai haihu ba, don haka duk idon fada yana kan yayarsa. Aka nemo mata miji daga ƙetare, ya mutu cikin 'yan watanni ya bar ta da ciki. Ta haifi namiji. Ta sake aure, wani kyakkyawa wanda manya suka raina. Dangin uba gefe, dangin uwa gefe, kowa yana kallon jikin sarki yana lissafin saura kwana nawa. Na ce wannan ai ko a Karantina an yi irinsa a kan gida mai ɗaki biyu. Ya yi dariya, karo na farko cikin makonni.

Ya ce a zamaninsa ne ma wani cikin hakimansa ya ɗauko jiragen ruwa gunduwa-gunduwa a kan raƙuma, ya harhaɗa su a tekun nan namu, suka yi ta tare jiragen alhazai har kusa da Rabigh.

"Rabigh ɗin nan? Inda mijin Ladi ke zuwa kamun kifi?"

"Ita."

"To Allah ya isa. Kuma kana so in ji tausayinsa."

"Ban ce ki ji tausayinsa ba."

Ba yabon mutumin nan nake ba, a rubuta wannan. Ya yaƙi Musulmi a ƙasar da ba ta kakanninsa ba. Amma na kasa daina tambaya.

Farkon wata na biyar ciwon ya tashi gaba ɗaya. Tabban suka kumbura suka yi ja, zazzaɓi ya rufe shi, gwiwar hannunsa ta dama tana masa zugi har yana cije matashi. Na ce sanyi ne ya shiga. Na dafa ruwa na cika gorar roba, na naɗe a tsumma na ɗora masa a hannun, na tafi sallar azahar. Tsumman ya zame. Bai ji ba. Da na dawo na ɗaga gorar, fatar gefen tafinsa ta biyo ta.

Ni na yi masa wannan. Da hannuna.

Na sa zuma na ɗaure. Kwana huɗu wurin ya fara wari, ƙananan yatsun biyu kuma suka lanƙwashe suka ƙi miƙewa. Ranar da na kwance ɗaurin ina kawar da kai, ya ce a hankali, "Inna, in ƙarasa miki?"

Ya ce a ƙarshe sarkin ya makance, hannu da ƙafa sun lalace. Ya nemi ya sauka, ya aika ƙetare a zo a karɓi mulkin, ba wanda ya zo. Ya ba mijin yayarsa riƙo, suka ɓata, ya ƙwace. Ya sa aka naɗa ɗan yayar tasa mai shekara biyar. Da aka kewaye wani birninsu, a kan makara aka ɗauki sarkin zuwa fagen fama, ba ya gani, ba ya tsayuwa.

"Ya mutu bai kai ashirin da biyar ba. Shi da za a ce masa akwai ƙwaya a bayan gari, da rarrafe zai je."

Safiya tana tsaye bayana ban sani ba. Ta riga ta sa abaya.

"Hajiya," ta ce, "shi kika ce ba ki yafe wa ba in ya je. Ni ba ki ce mini komai ba. Ni zan kai shi. Mota tana ƙasa."

Shekara tara tana gidana ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba. Ran nan ta duba. Shi kuma yana zaune bai motsa ba, yana jirana. Na ga in ban buɗe baki ba, zai zauna a gadon nan har hannun ya ruɓe.

Na ce, "Na janye. Yalla, mu tafi."

A asibitin farko mun yi layi daga safe har bayan la'asar. Aka wanke ciwon, aka ba shi allurai, aka tura mu wajen likitan fata, shi kuma sai bayan kwana tara. Kwana taran nan sun fi mini wata biyar tsawo. Likitan fata ya ɗan tsaga gefen kunnensa ya ɗebi abin gwaji, ya rubuta takarda zuwa wani asibiti a hanyar Makka. Ma'aikacin da ke taga ya karanta takardar, ya ja kujerarsa baya, ya turo mana ita da bakin biro. Na buɗe baki zan zage shi, sai na tuna sandar da nake tura kwanon Kawu. Na rufe bakina.

A can hanyar Makka wata likita muka samu, 'yar Sudan, mai furfura. Ta ce ya rufe ido, tana taɓa shi da auduga tana tambaya ko ya ji. Allurata ce dai, sai dai ita ba ta fid da jini. Ta kama hannun nan mai ciwo da hannunta tsirara, ta lalubi bayan gwiwar, ta sa ni ma na taɓa. Jijiyar ta yi kauri kamar igiyar shanya.

"Tun yaushe ka ga tabon farko?"

"Wata biyar da wani abu."

Ta cire tabarau. "Leish ta'akhart?" Wannan kalmar har yau tana kunnena: me ya sa ka makara. Ta ce ƙwayar cutar ba ita ce abin tsoro ba, magani yana kashe ta. Jijiya ce in ta mutu ba ta dawowa. Da ya zo da wuri, da kumburin nan a hannunsu zai same shi. "Kai da ka yi karatu, ka zauna a gida kana kallo?"

Ya ce, "Tsoro na ji, daktora. Laifina ne."

Ina zaune a gefensa cikin niƙabi. Na bar shi ya ɗauki laifina.

Ta duba mu duka, ni da Safiya da Hanan, ba ta sami komai ba. Ta tambaye ni ko an taɓa yin mai irin ciwon a dangi. Na ce babu.

Maganin shekara guda aka rubuta masa, kyauta, ko halala, kwabon ƙasar nan, ba su karɓa ba. Duk wata mu je ya haɗiye na farko a gabansu, a ba shi na sauran kwanaki. Aka ƙara masa na kumburin jijiya. Mu gode wa Allah, mu gode wa matar nan. Amma zan faɗi wahalar don mai zuwa ya shirya. Fitsarinsa ya koma ja, ranar farko Safiya ta ɗauka jini ne. Fatarsa ta ƙara duhu ta bushe, har Ladi ta ce ya zama gawayin da yake gasa tsire da shi. Maganin kumburin ya cika masa fuska ya hana shi barci. Hanya da nisa, layi da tsawo, wani watan sai mun jira mai ba da magani ya dawo daga inda ba wanda ya sani. Kullum sai an jiƙa hannun a ruwa mara zafi, a goge, a shafa mai, a miƙar da yatsun, a duba ko ya ji rauni bai sani ba. Safiya ke yi.

Maganar takarda, wadda a kanta na yi duk abin da na yi: an rubuta sunansa. Katin lafiyarsa na abinci ya tsaya. Kafili ya yi kwana uku yana faɗa a waya, ba don ciwon ba, don ƙaryar ciwon baya. Daga baya ya sa shi a sito yana karɓar gawayi da kayan yaji. Ba wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ban ce kowa haka zai samu ba, ban san dokar ba, kuma na san waɗanda abin bai zo musu da sauƙi ba. Abin da na sani, ni ban tambayi kowa ba. Na yanke hukunci ni kaɗai da abin da na gani ina shekara takwas.

Likitar ta ce da ya fara shan magani ya daina yaɗawa, ya koma cikin iyalinsa, a ci a kwano ɗaya. Ya koma. Hanan ta yi kwana biyu a maƙale a wuyansa. Na kwance jan zaren a gaban kowa.

Amma kafin in kwance, na kai kofin kicin na yi masa ɗan zane da bakin wuƙa a ƙasa, inda ba mai gani. Kofunanmu iri ɗaya ne, guda shida. Shekara guda cur ni ke zuba shayi, nasa kullum a mai zanen, in kuma wanke shi shi kaɗai bayan Safiya ta bar kicin. Ko ita ba ta sani ba sai yanzu da take rubutawa.

Watan jiya ya sha na ƙarshe. Likitar ta gwada shi ta ce halas, ya warke. Yatsu uku suna aiki. Biyun sun zauna a lanƙwashe, gefen hannun ba ya jin zafi ba ya jin sanyi. Ba zai sake tsayawa gaban wuta ba, don wuta za ta ci shi bai sani ba.

Juma'ar da ta biyo muka yi 'yar walima, mu biyar ɗin dai. Bayan Ladi ta tafi, Safiya da Hanan suna kicin, na zuba masa shayi. Akwai tambayar da na daɗe ina riƙe da ita.

"Shi Kuturun Ƙudus, wa ke wanke masa ciwo?"

"Ba su rubuta ba."

"Duk littattafan nan naka? Sun rubuta wanda ya auri wa, sun rubuta jirage a kan raƙuma, ba su rubuta wanda ke ɗaure masa hannu ba?"

"Ba su rubuta ba, Inna. Amma dai wani ya yi, shekara da shekaru. Wani ya ɗora shi a doki, wani ya sa masa abinci a baki." Ya ce uwar ta riga shi mutuwa da kaɗan. Ƙaramin da aka naɗa bai daɗe ba ya bi shi, yayar ta ɗora wa mijinta rawani, shekara biyu da rasuwar Kuturun Ƙudus ta koma hannun Musulmi.

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya ɗaga kofin da hagu, yana shafa ƙasansa da ɗan yatsa, a hankali, daidai kan zanen. Bai dube ni ba.

"Na hagun yana ji, Inna," ya ce. Ya shanye shayinsa, ya ce ya yi daɗi, ya tashi ya tafi masallaci.

Ashe tun ranar farko ya sani. Shekara guda yana karɓa daga hannuna yana cewa na gode.

Duk wadda ta ga tabo a jikin nata, ya koɗe, ba ya gumi, ba ya jin tsini, sunansa kuturta. Na faɗa da bakina. Tana da magani. Kada ta saya wa ciwon lokaci da jiƙo da rufa-rufa kamar yadda na yi. Kawuna Tanko ba mahaukaci ba ne, yana da hankalinsa sarai, yakan ce mini sannu 'yar Kawu in na turo kwanon. Likita ta tambaye ni na ce babu shi.

Washegari bayan asuba na dafa shayi. Na zuba a kofin mai zane na kai masa falo, ya sha rabi ya ajiye. Na ɗauka na juya shi daidai inda leɓensa ya taɓa, na shanye sauran yana kallo. Sannan na karɓi kwanon ruwan daga hannun Safiya, na zauna a ƙasa, na jawo hannun daman na sa a cikin nawa, ba leda. Na jiƙa, na goge, na shafa mai, na miƙar da yatsun biyu ɗaya bayan ɗaya, in na saki su koma. Ya ce ba ya jin komai a wurin. Na ce na sani, na ci gaba da shafawa. Da na gama na ce wa Safiya ta nemo biro da takarda.